Zauren Na'ura: Imprimanti Biyu, Kwamfuta 18, Amma Kowa Na Yawo Da Kile

Assalamu alaikum masu karatu, ina gajiya ina zahi. Wanga sati saƙonnin da sunka shigo kusan duk kan imprimanti ne (firinta in ji 'yan'uwanmu na Katsina), kamar an haɗa baki, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ta hwarko ita ce mai nama, can za mu daɗe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni yaro ne sabon ɗauka a wani kamfanin saida iri da taki nan Maradi wajen Ali Dan Sofo, ni anka ba kula da na'urori. Muna da kwamfuta 18 da imprimanti biyu masu shiga rezo, guda baƙi da hwari guda mai kala, akwai kuma sarbar Windows Server 2019 da wani ya zo daga Yamai ya kahwa mamu Active Directory (kundin da ke riƙe da sunayen mutane da kwamfutocin kamfani) ya koma. Matsalar duk sadda kuran ya ɗauke ya dawo sai imprimantin ta nuna hors connexion, wai ba ta kan rezo, a rabin biro, sai na bi ɗaya-ɗaya ina cirewa ina sake sawa, mutane sun gaji yanzu kowa sai ya sa takardarshi a kile USB ya tahi wurin sakatariya. Patron ya ce in gyara kowa ya riƙa hitar da takarda daga kujerarshi. Don Allah ta ina zan hwara?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, kuma kwantar da hankalinka, na kusa rantsewa imprimantinka lahiyarta lau. Adireshinta ne ke yawo. Ka ɗauka mai shayin unguwarku kullum da sahe sai ya canza wurin da yake aza teburinshi, jiya bakin masallaci yau bayan tasha, wanda ya je inda ya saba ai cewa zai yi bai hito ba. Haka take yi. Duk na'urar da ta shiga rezo akwai mai ba ta lambar IP aro, shi ne DHCP, in kuran ya ɗauke ya dawo wanda ya riga tashi shi ke riga karɓa, sai imprimanti ta tashi da sabuwar lamba alhali kwamfutoci na can suna buga ƙohwar tsohuwar. Don haka kahin ka taɓa sarbar ko kaɗan, je wurin imprimantin ka shiga menu nata ka sa ta hito maka da takardar bayanin rezo, za ka ga IP ɗinta ta yanzu da wata lamba mai harufa da alƙaluma 12 da ake ce ma MAC, wannan ita ce ba ta canzawa har ta mutu. Sai ka shiga DHCP ka yi mata rezarbasiyon, ka ce duk ran da mai wagga MAC ta zo a ba ta 192.168.1.20 misali, ta biyun 192.168.1.21. Ko ka rubuta mata lambar da hannu cikin menu nata, amma in haka za ka yi to ka zaɓi lambar da ke wajen waɗanda DHCP ke rabawa, in yana raba 100 zuwa 200 ne kar ka ɗauko 150, wata rana zai ba wayar wani baƙo ita su yi karo. Ni na hi son rezarbasiyon don komi na rubuce wuri guda, wanda zai gaje ka ba zai zage ka ba.

Tunda kana wurin ka duba wani abu da nake yawan tararwa a birorin garin ga: akwatin intanet na kamfanin waya yana rabon IP, sarbar ma yana rabo. Sarki biyu gari guda. Kashe na akwatin ka bar na sarbar. Kuma DNS na kwamfutocinku, wato wanda suke tambaya lambar na'ura in sun san sunanta, dole ya zama sarbar ɗin domen (mai riƙe da Active Directory), ba 8.8.8.8 na Google ba, na san yara na son sa wannan lambar wai intanet ta hi gudu, amma Google bai san sunan sarbar ɗinku ba, kwamfutar da ke tambayarshi ba za ta ga domen da kyau ba kuma duk abin da za mu yi a ƙasa ba zai iso mata ba. In ka gama ka buga ping, umarnin ƙwanƙwasa ƙohwa a ji ko na'ura na nan, da lambar imprimantin daga sarbar, in ta amsa mu ci gaba.

Yanzu sarbar na bugawa. Hikimar ita ce a daina barin kowace kwamfuta tana magana da imprimanti kai tsaye, a sa mai tsaron ƙohwa guda, kowa ya miƙa mishi takarda shi ya jera su a layi ya tura. Ran da kunka canza imprimanti wuri guda za ka gyara ba wuri 18 ba. Cikin Gestionnaire de serveur ka ƙara rol na Services d'impression, ba ya ɗaukar lokaci, zai ba ka wani allo Gestion de l'impression, ko ka buga printmanagement.msc ya buɗe. Amma tsaya in hwaɗa maka gaskiya ko da ba za ka ji daɗi ba. Ba a son a aza wanga aiki bisa na'urar da ke riƙe da Active Directory kanta, don sashen da ke jera takardu, spular, an sha samun ɓaraka a cikinshi, kuma wanda ya shiga ta nan ya samu makullin gidan duka. Na san me za ka ce, sarbar guda gare ku kuma patron ba zai sayi na biyu don takarda ba. To lasin na Windows Server Standard ya halatta maka sarbar biyu na cikin Hyper-V, tsarin da ke sa na'ura guda ta yi aiki kamar da yawa, bisa ƙarhe guda, in dai shi ƙarhen ba ya wani aiki sai ɗaukarsu, ɗaya domen ɗaya bugawa da ajiyar fayil. Wannan aiki ne na ranar Asabar bayan ka kwahe komi ka ajiye, ba na ranar Litinin ana jiran faktir ba. In ba ka kai nan ba tukun, ka aza shi inda yake amma kar ka yi sake da mizajur, wato sabuntawar Windows, kuma ka rubuta ma patron a takarda cewa ka hwaɗa.

Wurin ƙara imprimantin ka zaɓi ƙarawa ta adireshin TCP/IP ka rubuta lambar da ka ba ta. Kar ka bari Windows ya nemo ta da kanshi ya sa mata ƙohwar WSD, wannan ƙohwa ta sa ni ciwon kai ba sau ɗaya ba. Yawancin imprimanti na karɓar aiki ta ƙohwa 9100, shi zai sa da kanshi. Sai wani ɗan akwati cikin saitin ƙohwar, État SNMP activé. Aikinshi sarbar ya riƙa tambayar imprimanti lahiyarta, to in ba ta amsa wannan tambayar ba, ko don an kashe SNMP a cikinta ko an canza kalmar public da suke gaisawa da ita, sai sarbar ya yanke hukunci wai ta mutu. Na taɓa kwashe tun hantsi har la'asar a wani biro, na canza kabul, na canza wurin suwic, ping na amsawa tas amma allo na cewa hors connexion, kontabul na tsaye kaina da takardun albashi yana ta duba agogo, ashe ɗan akwatin nan ne. Na cire alamar sai ga takardu talatin da wani abu na hitowa a jere har da na shekaranjiya. Tun ran nan shi nake hwara dubawa.

Pilot kuma, abin da ake shigarwa cikin kwamfuta don ta iya tuƙa imprimanti, ka ɗauko shi daga shahin kamfanin da ya ƙera ta, ba daga CD ɗin da ya kwana shekara bakwai a durowa ba. HP da Canon da sauran manya suna da pilot guda mai tuƙa samfura da yawa, in naku na ciki ya hi sauƙi. Kuma don Allah gyara girman takarda tun daga sarbar. Mu A4 muke amfani da ita, 210 bisa 297 milimita, pilot da yawa kuma suna zuwa da Letter ta Amurka, sai ka ga imprimanti ta tsaya tana walƙiya tana jiran takardar da babu ita a kasuwar Maradi. Wurin gyaran da zai bi kowa yana shahin Avancé, maɓallin Impression par défaut, in ka gyara a wancan na shahin hwarko kai kaɗai ka gyara ma. Nan ne kuma za ka sa bugu gaba da baya in tana yi, ka ga ram ɗin takarda ya ƙara kwana.

Sai rabawa. A shahin Partage ka ba ta suna gajere babu tazara babu wasali mai hula irin na Faransanci, IMP-KONTA ko IMP-KALA ya isa. Ka cika wurin da anka ce Emplacement, ka rubuta biron kontabul ko bakin ƙohwa, mutane na rena wannan amma shi ake gani in ana nema. A ƙasa akwai Lister dans l'annuaire, ka sa mishi alama. Abin da ke hwaruwa shi ne sarbar zai rubuta imprimantin cikin Active Directory kamar yadda anka rubuta mutane da kwamfutoci, duk wanda ke domen in ya je ƙara imprimanti zai iya nemo ta da suna ko da wuri ko ya ce a nuna mishi masu kala kaɗai, ba sai ya san IP ba. Tun Windows 2000 da Active Directory ya hito ake wannan.

Amma hwa rubutawa a kundi daban, kai ma mutum har kujerarshi daban, nan ne da yawa ke tsayawa su ce abin bai yi ba. Patron ɗinka ba zai je neman komi ba, so yake ya kunna ya gani. Wannan aikin GPO ne, wato umarnin da sarbar ɗin domen ke tura ma kwamfutoci. Hanya mai sauƙi ka danna dama bisa imprimantin cikin Gestion de l'impression ka zaɓi Déployer avec la stratégie de groupe, zai tambaye ka ta mutum ko ta kwamfuta. In ka ce ta mutum, duk kwamfutar da ya zauna ya sa kod nashi imprimantin na biye da shi. In ka ce ta kwamfuta, tana nan bisa na'urar ko wa ya zauna, wannan ya dace da kwamfutar magaza da mutum uku ke karɓa-karɓa. Akwai hanya ta biyu cikin Préférences na GPO wadda ni na hi so, don can kana iya cewa 'yan rukuni kaza kaɗai, kuma ka sa ta zama ita ce ta hwarko gare su. Ka ƙirƙiri rukuni biyu, na kowa da na masu kala. Bayan nan kar ka zauna jira, kwamfutoci na duba sabon umarni kamar duk minti 90 ne, buga gpupdate /force ka sa mutum ya hita ya sake shiga, in ba ta zo ba gpresult /r zai nuna maka ko GPO ɗin ya iso.

Ita mai kalar ka rufe mata ƙohwa tun yau. A shahin Sécurité za ka tarar Tout le monde na da izinin bugawa, cire shi ka sa rukunin masu kala. Kar ka yi amfani da hanawa, don hani ya hi izini ƙarhi, in ka hana kowa har patron ka hana. Ba zargin kowa nake ba amma lokacin bukukuwa na zuwa, katin ɗaurin aure da na suna ba sa buga kansu, kuma kai za a tambaya ina ankir ya tahi.

Saura tarko guda da tabbas za ka hwaɗa ciki. A 2021 anka gano wata babbar ɓaraka a spular na Windows da anka sa ma suna PrintNightmare, sai Microsoft ta canza doka daga mizajur na 10 ga Agusta 2021: wanda ba admin ba ba zai iya karɓar pilot daga sarbar ya shigar ba. Shi ya sa za ka ga GPO ya tahi lahiya amma sakatariya na kiranka wai ana tambayarta kod na admin. In ka bincika za ka ga masu cewa ka shiga rajista, ma'ajiyar saitin Windows, ka maida RestrictDriverInstallationToAdministrators zuwa 0 an wuce wurin. Zai yi aiki kam, kamar yadda cire ƙyauren gida ke magance matsalar makulli. Microsoft da kanta ta ce babu wata dabara da ke maye gurbin barin shi a 1. Hanya biyu gare ka masu tsabta. Ko ka yi amfani da pilot nau'i na 4, wanda ya zo tun Windows 8 da Server 2012, shi ba ya buƙatar a sauko da pilot daga sarbar, illarshi wani lokaci zaɓuɓɓuka na raguwa wurin mai bugawa. Ko ka bi kwamfutocin da kod naka na admin ka shigar da pilot ɗin, daidai wanda ke bisa sarbar lamba da lamba, sau ɗaya tak. 18 ne hwa, da azahar zuwa la'asar ka gama. Sai dai ka tuna ran da ka sabunta pilot a sarbar sai ka sake zagayen, don haka in yana aiki ƙyale shi.

TAMBAYA: Malam ina kula da kwamfutocin wata lekol mai zaman kanta a unguwar Zariya. Bayan hutu munka dawo na tarar imprimantocinmu sun ɓace daga cikin annuwar in an nema, kuma kwamfuta biyu sun ƙi shiga sarbar sam, kod daidai ne amma sun ƙi. Wani ya ce virus ne. Ni ce 'yar'uwarka mai bin zauren ga kullum.

AMSA: Malama na gode da bibiya. Ban ga alamar virus ba nan, abu biyu ne daban sunka haɗu miki. Na hwarko, sarbar ɗin domen na da wani mai shara, duk awa 8 yakan leƙa ya ga ko sarbar ɗin bugawa na nan, in bai amsa ba ya sake gwadawa sau biyu, daga nan sai ya share imprimantocin daga kundi don kar mutane su yi ta tura aiki inda babu kowa. Ina zato lokacin hutu na domen na kunne bisa hwanon hasken rana, na bugawa kuma an kashe shi. Yawanci in ya tashi yakan sake rubuta su da kanshi, in bai yi ba ki sake tada spular ko ki cire alamar Lister dans l'annuaire ki maida. In kin san kashewa za ku riƙa yi duk hutu, akwai saiti a GPO ƙarƙashin Imprimantes da ke hana sharar ko ya tsawaita lokacinta.

Na biyun ki duba agogon kwamfutocin nan biyu, ina jin za ki ga suna wata shekara can baya. Shiga domen na tahiya da wani tsarin tantance kod mai suna Kerberos ne, shi kuma in bambancin agogo tsakanin kwamfuta da sarbar ya wuce minti 5 ba ya yarda. Cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci in babu kuran, kuma kwamfutocin da muke saye na hannu sun riga sun ci shekarunsu kahin su iso mamu. Masu gyaran agogo a kasuwa na da shi. Ki canza, ki gyara lokaci, ki tabbata yankin lokaci na Afirka ta Yamma-ta-Tsakiya ne UTC+1, ba na Paris ba wanda ke gaba da mu da awa guda rabin shekara.

TAMBAYA: Oga ina da siba kusa da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kwamfuta 6 da imprimanti guda, ɗalibai na buga memuwar. In sa Active Directory?

AMSA: A'a abokina, kar ka sayi rigar da ta hi ka. Ba ta IP tsayayye kamar yadda na ce a sama, ka ƙara ta kai tsaye bisa kowace kwamfuta, shi ke nan. In kana son duk aiki ya bi ta teburinka don ka ƙirga shahi kahin a biya, raba ta daga kwamfutarka, Windows na tebur na ɗaukar haɗi har 20 lokaci guda, kai 6 gare ka. Kuma ina kyautata zaton rabin na'urorinka Windows Famille ne, wanda ko ka so ba ya shiga domen. Kuɗin lasin ka sayi takarda da tona, garin ankir na imprimanti, da su.

TAMBAYA: Malam takarda guda ta maƙale a layi ta ƙi hita ta ƙi gogewa, duk na bayanta sun tsaya. Kuma ondular na kuka duk sadda imprimanti ta hwara aiki.

AMSA: Ta hwarko, buɗe cmd, tagar buga umarni, a matsayin admin bisa sarbar ka buga net stop spooler, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka share abin da ke ciki, abin da ke ciki hwa ba jakar kanta ba, sannan net start spooler. Ka sanar da mutane tukun don duk aikin da ke layi zai tahi, na kowace imprimanti da ke bisa sarbar ɗin.

Kukan ondular kuwa gaskiyarshi ne. Imprimanti mai leza tana da wani ƙarhe mai zahi da ke narka tona bisa takarda, sadda take ɗumama shi tana jan ɗaruruwan wat, wasu har su kusa dubu, ƙaramin ondular na biro ba zai iya ba kuma wata rana zai kashe maka sarbar tsakiyar aiki. Cire ta daga nan ka sa ta bango ta bayan regilatar mai ƙarhi, ka bar ma ondular sarbar da suwic da akwatin intanet. In kuma ta hannu ce da anka kawo daga Amurka, leƙa bayanta ka karanta kahin ka jona, in 110 anka rubuta to namu 220 ne, sai da taransfo.